Kafin Ku Ci Bashin Kayan Kirsimeti, Ƙannena

Disamba ta kama, sanyin hunturu ya sauko, tashoshin mota sun fara cika da masu komawa gida. Daga Legas, Abuja da Kano ana ta kwarara zuwa Kafanchan, Zonkwa, Pankshin, Biliri, Michika da Zuru. Mawaƙan ikilisiya suna koyon sababbin waƙoƙi kowace yamma, Zumuntar Mata sun fitar da anko, maza kuma sun fara haɗa kuɗin watanda. Duk wannan abin farin ciki ne, ni ma da ni ake yi. Amma ina da magana da ku, ƙannena maza da mata, musamman ku da ranku ya fara ɓaci tun yanzu don aljihu babu komai.

Na san halin da ake ciki a gidaje da yawa. Yarinya ta kwana uku ba ta yi wa mahaifiyarta magana ba saboda leshi da gashin kanti. Saurayi ya sa mahaifinsa gaba sai an yi masa shadda da takalmi irin na abokansa da suka dawo daga birni. Uban ya shiga ɗakin ajiya, ya dubi buhunan masarar da ya sha rana da ruwan sama kafin ya samu, ya ɗora biyu a kan babur ya nufi kasuwa, a daidai lokacin kaka da hatsi ba ya daraja. Masarar nan ita ce zai koma saye da tsada a tsakiyar damina, in ma ya sami kuɗin. Ga kuɗin makaranta yana jira a Janairu. Duk don kaya na yini ɗaya da hoton da za a ɗora a Facebook.

Ku buɗe Luka sura 2 ku karanta a hankali, kamar ba ku taɓa jin labarin ba. Yusufu kafinta ne daga Nazarat, garin da ko a wancan zamani ba a ɗauke shi a bakin komai ba. Ba yawon biki ya kai shi Baitalami ba. Kaisar Augustas ne ya ba da umarni daga Roma a yi ƙidaya, talaka kuwa ba shi da ta cewa. Ya ɗauki Maryamu da tsohon ciki, suka yi tafiya ta kwanaki, suka iso gari cike da baƙi, ba su sami wuri a masauki ba. Da haihuwa ta zo, ta naɗe ɗan a zane ta kwantar da shi a komin dabbobi, inda ake zuba wa dabba abinci.

Akwai wata aya da ba a cika yin wa'azi a kanta ba, ni kuwa ita ta fi taɓa ni, wato Luka 2:24. Bayan kwana 40 suka kai yaron Haikali a Urushalima, suka miƙa hadaya ta kurciyoyi biyu ko 'yan tattabarai biyu. Ku koma Littafin Firistoci sura 12 ku gani. Abin da Shari'a ta ɗora wa mai jego shi ne ɗan rago bana ɗaya da tsuntsu guda. Tsuntsaye biyu rangwame ne da aka yi wa macen da ba ta da halin rago. Ke nan uwar Ubangijinmu ta tsaya a layin marasa hali, a fili, a gaban firist, da ɗan abin da hannunta ya kai. Ba ta ci bashi ta sayi rago don kada a raina ta ba. A ranar nan kuma tsoho Saminu ya karɓi yaron a hannunsa ya ce idanunsa sun ga ceton Allah.

Wannan ba tsautsayi ba ne. Allah da ya yi sama da ƙasa yana da ikon sa a haifi Ɗansa a fadar Hirudus ko a gidan babban firist, amma gidan kafinta ya zaɓa. Manzo Bulus ya faɗa wa Korintiyawa a wasiƙarsa ta biyu, 8:9, cewa Yesu Almasihu mawadaci ne, amma ya zama matalauci saboda mu, domin ta talaucinsa mu wadata. Abin da muke biki a kai ke nan: Allah ya sauko har inda muke, cikin zunubinmu da rashinmu, bai jira mu gyara kanmu tukuna ba. To, yaya za a yi ranar da muke tunawa da wannan saukowa ta zama ranar da talaka ya fi jin kunya a duk shekara?

Ku dubi ma waɗanda aka fara yi wa albishir. Makiyaya ne da suke kwana a fili suna tsaron garkensu. Da mala'ika ya gama magana suka tashi da gaggawa, da kayan jikinsu na kiwo, da ƙurar daji da warin tumaki, suka tafi suka ga jaririn. Ba wanda ya ce su koma gida su sake riga. Don haka ke da kike shirin ɓuya a ɗaki ranar 25 ga wata saboda ba a yi miki ɗinki ba, ƙanwata, ki wanke wanda kike da shi, ki goge, ki zo sujada. Daidai ruwa, daidai tsaki. Ku kuma da Allah ya buɗa wa, ku kiyayi idanunku da bakinku. Na sha ganin yadda ake bin yaro da kallo tun daga ƙofar majami'a har ya zauna, ana taɓa juna ana ƙus-ƙus a kan takalminsa. Yaƙub sura 2 ya kira irin wannan da sunansa, nuna bambanci, ya kuma ce zunubi ne.

Sai maganar dare. Abin kunya ne a ce mun fito daga sujada da safe muna rera ɗaukaka ga Allah, da yamma kuma an cika gidajen burukutu da goskolo, ana haɗiyar tiramol, ana gudun ganganci da babur a titin ƙauye. Kowace shekara akwai gidan da ake zaman makoki a cikinsa kafin sabuwar shekara saboda wannan. Akwai kuma yarinyar da take ba da kanta don waya ko kuɗin kitso, bayan wata uku ta bar makaranta. Samari, ba ita kaɗai ba ce mai laifi. Wanda ya yi amfani da rashinta ya saye ta, zai amsa a gaban Allah. Yusufu da muke karantawa, da ya gane Maryamu tana da ciki kafin su tare, ya ga halin da zai iya tona mata asiri, amma ya zaɓi ya rufa mata. Irin wannan namijin ikilisiya take nema a cikinku.

Labarin bai tsaya a waƙar mala'iku ba. Matiyu sura 2 ta gaya mana Hirudus ya sa an karkashe yara maza 'yan shekara 2 zuwa ƙasa a Baitalami da kewayenta, Yusufu ya tashi da dare ya gudu da yaron da uwarsa zuwa Masar. Mai Cetonmu ya yi gudun hijira tun yana goye. Mu a ƙasar nan ba sai an yi mana bayanin wannan ba. Mun tuna Madalla, ranar Kirsimeti ta 2011, da bam ya tashi a cocin Katolika na St. Theresa ana fitowa daga sujada. Mun tuna ƙauyukan Bokkos da Barikin Ladi a jajiberen Kirsimeti na 2023. Akwai 'yan'uwa daga Gwoza da suka shafe shekaru ba su yi bikin nan a gidajensu ba. Na san zafin da ke zuciyar wasunku, ba na raina shi. Amma wanda aka haifa mana Sarkin Salama ne, bai kuma bar mana ramuwa gado ba. Maƙwabcinka Musulmi da yake aiko muku da naman layya, ka kai masa shinkafa da cincin kamar yadda iyayenmu suka saba, kada ka bari laifin mugu ya raba ku.

Kuɗin da kuka ware don riga ta biyu ko don shaye-shaye, ku haɗa shi a Zumuntar Matasa ku ƙara kaso ɗaya ko biyu a watanda. Ku je wurin shugabar Zumuntar Mata, ita ta san gwaurayen da ba za a ɗora tukunya a gidansu ba, da marayun da suke zaune a hannun kakanni, da iyalan da aka koro daga ƙauyensu suke raɓe a ɗakin aro a bayan gari. Kada ku aiki ƙaramin yaro da kwano, kada kuma ku ɗauki hoto. Ku tafi da kanku bayan an tashi sujada, ku yi sallama, ku zauna a tabarmarsu ku ci tare, ku karanta musu Luka 2 in sun yarda, ku tambayi sunayen yaran da ajin da suke. In akwai wanda ba zai koma makaranta a Janairu ba saboda kuɗi, ku kawo sunansa gaban dattawan ikilisiya tun kafin shekara ta ƙare.