Masu kiwon tumaki a ƙasar Zazzau na bukatar ƙungiyar da za ta fara aiki tun da kaka

Duk shekara idan babbar Sallah ta ƙarato, maganar tsadar rago ce ke cika gari, tun daga Tudun Wada har Samaru, kuma akasarin masu saye suna ɗauka cewa mai kiwo ne ke kwashe kuɗin. Amma duk wanda ya taɓa turke rago na wata uku a gidansa, ya zauna ya yi lissafin harawa da dusa da kowar wake da kanwa da magani, ya san cewa sau da yawa abin da ke saura a hannunsa bai kai ladan wahalarsa ba. A ganina babban dalilin haka shi ne mai kiwon tumaki shi kaɗai yake sayen abinci, shi kaɗai yake jinyar dabbarsa, kuma shi kaɗai yake tsayawa a gaban dillali, alhali waɗanda yake hulɗa da su a kasuwa a haɗe suke.

Batun abinci ne ya fi ci wa masu kiwo tuwo a ƙwarya, kuma akwai wani abu game da shi da ba a cika lura da shi ba. Sallar layya tana matsowa da kimanin kwana goma sha ɗaya a kowace shekara, ta yadda a 2025 ta faɗo a farkon watan Yuni. Wannan na nufin watannin da ake turke rago yanzu sun dace da ƙarshen rani da bazara, lokacin da ciyawa ta ƙare a daji, harawar wake da ta gyaɗa kuma ta kai ƙololuwar tsada, kuma haka za a ci gaba da tafiya na wasu shekaru masu zuwa. Damin harawar da manomin Giwa ko Soba zai sayar da araha a watan Nuwamba, shi ne mai kiwo zai saya da tsada a watan Afrilu daga hannun wanda ya sami halin ajiyewa. Ga kuma kuɗin mota da ya hau kan kowane buhun dusa tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023. Matar da ke da tumaki biyar a cikin gida ba ta da jarin sayen abincin wata shida a lokaci guda, ba ta kuma da wurin adana shi. Idan masu kiwo ɗari suka haɗa kuɗi irin na adashe, suka kama ɗakin ajiya guda, suka saye harawa da kowar wake tun da kaka, to rabin matsalar ta kau tun kafin a sayi ɗan ragon da za a turke. Wannan shi ne aikin farko da ya kamata a tambayi kowace ƙungiyar masu kiwo ko ta yi shi.

Haka abin yake ga cuta. Annobar nan ta tumaki da awaki da likitoci ke kira PPR, wadda ke zuwa da zazzaɓi da majina da zawo, tana iya share garke cikin 'yan kwanaki, alhali ana sarrafa allurar rigakafinta a cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom da ke jihar Filato, kuma allura guda tana kare dabba har tsawon shekaru. Sai dai kwalba ɗaya ta dabbobi masu yawa ce, tana bukatar sanyi, kuma da zarar an haɗa ta dole a ƙarar da ita cikin ɗan lokaci. Mai tunkiya uku ba zai iya sayenta don kansa ba, shi ya sa yake ƙarewa a wajen mai tallar magani a bakin kasuwa. Unguwa guda kuwa za ta iya tsayar da rana, a tara dabbobi a ƙofar gidan mai unguwa, a ɗauko ma'aikacin lafiyar dabbobi, kowa ya biya ɗan abin da ya hau kansa.

Abin takaicin shi ne Zariya ce ta fi ko'ina cancantar ganin irin wannan tsari. Cibiyar binciken kiwon dabbobi ta ƙasa, NAPRI, tana nan Shika, ta daɗe tana aiki kan tumakin Yankasa da Uda da Balami. Jami'ar Ahmadu Bello tana da tsangayar likitancin dabbobi da asibitinta, ga kuma NAERLS da aka kafa domin isar da sakamakon bincike ga manoma. Masanin da ke Shika ba zai iya bin gida gida ba, amma idan ƙungiya mai rajistar mambobi ta gayyace shi, zai zo ya nuna yadda ake haɗa abinci da yadda ake zaɓen ragon barbara.

Ba na cikin masu zagin dillali, domin yana tsaya wa baƙo, yana kuma shaidar cewa dabbar ba ta sata ba ce, abin da ke da matuƙar muhimmanci a yankin da ɓarayin daji suka addaba. Amma ciniki da ido da shafa gadon baya yana fifita wanda kullum yake kara a kan wanda ke zuwa sau ɗaya a shekara. Sikeli guda a kasuwa, wanda ƙungiya ke kula da shi, zai bai wa mai rago abin kafa hujja. Fatake sun san ƙarfin haɗin kai, domin a farkon 2021 ƙungiyar dillalan shanu da kayan abinci ta dakatar da kai kaya Kudu, kuma cikin kwanaki kaɗan sai da hukumomi suka zauna da ita.

Gwamnatin Tarayya ta kafa ma'aikatar bunƙasa kiwo a 2024, kuma tsorona shi ne a sake maimaita abin da aka saba, wato ƙungiyoyi su farfaɗo da zarar an ji ƙamshin tallafi, shugabanni su yi ta zarya Abuja, alhali matan da ke riƙe da babban kaso na tumakin cikin gida ba su san ana yi ba. Shanu ne za su mamaye teburin, domin makiyayan shanu sun daɗe da muryarsu. Idan masu tumaki suna son a saurare su, sai su je da rajistar mambobi ta gaskiya, wadda mata ke ciki har a matakin shugabanci, da adadin dabbobin da aka yi wa allura a Giwa da Makarfi da Sabon Gari, da littafin da ke nuna damin harawa nawa aka ajiye bana da kuma wanda makullin ɗakin ke hannunsa.