Awon kwana nawa zai isa a san jikin mutum?

Batun da wani labari da na karanta ya kawo, cewa abinci ɗaya kan ɗaga sukarin jinin wani ya ƙyale na wani, gaskiya ne, kuma ba sabo ba ne. Tun 2015 masu bincike a Cibiyar Weizmann ta Isra'ila suka liƙa wa mutum 800 na'urar auna sukari tsawon mako guda. Wani ayaba ce ke harba masa sukari sama, biskit kuwa ko gezau, wani kuma akasin haka. Ƙwayoyin bakteriya da ke cikin hanji, barcin daren jiya, ɗan tattaki bayan cin abinci, duk suna da hannu. Amma ɗan'uwan da ya rubuta sharhi a kan labarin wai ashe kowa ya ci abin da ya ga dama, ya yi garaje. Ni da nake huda yatsa don auna sukarin jinina awa biyu bayan na ci abinci, na sha ganin burodi iri ɗaya ya ba ni lamba daban ranar da barci ya ƙi. To in jikin mutum ɗaya ma yau daban gobe daban, awon kwana nawa zai isa a tsara masa abinci?