Wai Olympus Trip 35 komai da kanta take yi?

Mutane da yawa da sun ji an ce tsohuwar kyamara "otomatik" ce sai su ɗauka irin ta waya ce, ka danna kawai ta gama maka komai, wasu ma su yi ta juya ta suna neman gidan batir. To ba haka abin yake ba.

Ita Trip 35 da kamfanin Olympus na Japan ya fito da ita a 1967, aka ci gaba da ƙera ta har 1984, ba ta cin batir sam. Wannan zoben mai kama da saƙar zuma da ya kewaye gilashin, selenium ne a ciki, hasken da ya faɗa masa shi ke ba ta ɗan wutar da take auna haske da ita. Idan ka sa ta a kan alamar A, wato otomatik, sai ta zaɓi faɗin ƙofar haske da kuma gudun buɗewa da rufewarta, kuma gudun ma biyu ne rak, 1/40 ko 1/200 na daƙiƙa. Iyakar otomatik ɗin kenan fa.

Saita nisa aikinka ne, akwai 'yan zane huɗu, mutum ɗaya, mutum biyu, taron mutane, sai dutse na abu mai nisa. Lambar ASA ta fim, wadda ke nuna saurin fim ɗin wajen kama haske, ita ma kai za ka murɗa, ka kuma naɗe fim da babban yatsa bayan kowane hoto.

Abin da ya fi burge ni shi ne jar alamar nan da ke tasowa a wurin leƙawa in haske ya yi kaɗan, madannin ya ƙi dannuwa gaba ɗaya, sai mutum ya zaci ta lalace alhali fim ɗinsa take tattala masa.