Takunkumin asibiti ba ya tare ƙurar dutse

Wani labari ya ce masu fasa dutse su riƙa sa takunkumi, to amma wane iri? Shuɗin nan na asibiti don tari da yawu aka yi shi, ƙura ta gefen kunci take shigewa. Da yamma in mutum ya cire, hancinsa fari fat. Ƙurar dutse kuwa in ta zauna a huhu ba ta fita, ga ta tana buɗe wa tarin fuka ƙofa. Aƙalla a samu N95, takunkumin da ke tace ƙura, shi ma sai ya manne fuska, gemu yana hana shi. Mai yini gaban injin niƙa dutse, na roba mai matatar da ake canzawa ya kamace shi. Don Allah iyayen gidansu su saya musu, su riƙa jiƙa dutsen da ruwa.