Raiza a kan babur: a auna jiki kafin a auna ƙarfe

Duk mai hawa manyan baburan nan da ake kira kuruza, irin su Harley-Davidson, Honda Shadow ko Yamaha V-Star, ya san ciwon kafaɗar da ke biyo bayan doguwar tafiya. Sirdi na ƙasa, ƙafafu sun miƙe gaba, kan babur kuma ya yi nisa. In ba dogo ba ne kai, haka za ka wuni a duƙe, hannu a sandare. Don haka ni ina goyon bayan sa raiza, ƙarfen nan da ake ɗaurawa a ƙarƙashin kan babur ya ɗago shi ko ya jawo shi kusa da mai tuƙi.

Abin da ke damuna shi ne yawancin masu saye tsawo suke nema, don a gani a ce babur ya yi kyau. Alhali mai gajeren hannu wadda ta lanƙwaso baya yake buƙata. Zauna a sirdi, miƙe bayanka, ɗaga hannu inda gwiwar hannu ta ɗan lanƙwashe, a auna maka tazarar da ke tsakanin hannunka da kan babur. Ita za ka saya. Hannu in ya haura kafaɗa sai ya riƙa mutuwa, juya babur a kwana ya yi wuya. A jihar Kalifoniya ta Amurka ma doka ta hana hannu ya wuce kafaɗa da fiye da inci 6.

Sannan kuɗin raiza ba shi ne ƙarshen kashewa ba, jama'a. Da zarar ka wuce kamar inci 2, wayar kulochi, wayar totur da tiyon birkin gaba sukan gaza. Bayan an ɗaura, tayar da inji a tsaye, ka juya kan dama da hagu har ƙarshe. In ka ji inji ya ƙara wuta da kansa, waya ta ɗaure, kada ka hau titi. Duba kuma ko kan yana bugun tanki.

Kaurin kan babur ma ba ɗaya ba ne: Harley galibi inci 1, wasu baburan Japan 7/8 na inci. Raiza masu arhar nan na intanet da ba a san maƙerinsu ba kuwa, ban yarda da su ba, ƙarfen da ke riƙe da duk tuƙinka ne.

Kawasaki sun gane matsalar tun 2015, suka fito da Vulcan S da ake sauya wa kai, sirdi da matakin ƙafa gwargwadon jikin mai saye. Sauran kamfanonin me suke jira?