Ba hasken leza ne ke ƙona rubutu a takarda ba

Mutane da yawa idan suka karɓi takarda da ɗuminta daga firinta mai kala ko injin fotokwafi, sai su ɗauka hasken leza ne ya ƙona rubutun a kanta. Hasken nan ko taɓa takardar ba ya yi.

Aikinsa a kan wata ganga yake, mai juyawa a cikin injin, wadda aka yi wa cajin lantarki. Duk inda hasken ya sauka sai cajin ya ragu, garin tona, wato garin da ke zama rubutun, ya manne a wurin, kamar yadda matajin roba da aka goga a gashi ke ɗaukar guntayen takarda. Dabarar ta samo asali daga wani mai ƙirƙira, Chester Carlson, a Amurka, a 1938. Tona kuwa ba tawada ba ce, garin roba ne haɗe da launi. Yawancin injinan kala ganga huɗu gare su: shuɗi, ja mai ruwan hoda, rawaya da baƙi. Kowace ta zuba nata a kan bel guda, launi bisa launi, sannan caji ya jawo hoton zuwa takarda. A lokacin ko da yatsa ka shafa, gogewa zai yi.

Ɗumin daga rololin ƙarshe yake, masu narkar da garin da zafin da kan kusanci digiri 200 na ma'aunin Celsius, su danne shi.

Abin da ke damuna shi ne asarar da rashin sanin ke jawowa. Da damina takardar da ta sha laima ba ta riƙe caji sosai, rubutu ya fito a kode, mai shago ya sayi sabuwar tona alhali tsohuwar lafiyarta ƙalau. In kuma tona ta zube a riga, a kakkaɓe a wanke da ruwan sanyi, don ruwan zafi manna ta zai yi.