Taurarin otal dabam, taurarin girki dabam

A Maradi, akan ji wasu ƴan kasuwa masu zuwa Faransa suna cewa duk otal mai taurari biyar, abincinsa ma taurari biyar gare shi. Ba haka abin yake ba. Taurarin otal ɗakuna da hidimar ma'aikata suke aunawa. Na girki kuwa, kundin Michelin, littafin jagorar gidajen abinci na kamfanin tayoyin mota, shi ya fara ba da su a 1926, kuma ba sa wuce uku. Ko otal Ritz na Paris, wanda aka buɗe a 1898 da shahararren mai girkin Faransa Escoffier a matsayin shugaban masu girki, ba ya samun tauraron girki sai masu binciken Michelin sun ci abincinsa a ɓoye, kuma ana iya ƙwace shi baɗi.